Malaman 'Rabin Aji': Abin Da Ake Koya A Kwas Ɗin Renon Yara Na Kwalejojin Ilimi

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya zo, cibiyoyin cike fom a Kano da Katsina da Sakkwato kan cika maƙil da matasa. Mafi yawansu likitanci suke so, ko lauya, ko aikin jinya, ko kimiyyar kwamfuta. Kwalejin ilimi takan zo a ƙarshen zaɓi, sau da yawa don a cike gurbi kawai.

A cikin kwalejin ma akwai kwas ɗin da aka fi yi wa kallon hadarin kaji, wato na reno da ilimin ƙananan yara, wanda ake kira ECCE a taƙaice. Ana ganin mene ne abin karantawa har shekara uku a kan waƙa da tafi da share majina?

Amma waɗanda ke fitowa daga wannan sashe su ne ake sa ran za su karɓi yaro ɗan shekara uku zuwa biyar a ranar da ya fara rabuwa da mahaifiyarsa. A hannunsu zai fara sanin ko makaranta wurin so ce ko wurin tsoro.

Daga ina kwas ɗin ya fito?

Koyar da ƙananan yara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin boko, yaro kan fara zuwa makarantar allo yana ƙarami, ya fara da haddar gajerun surori, sannan babbaƙu, sannan farfaru. A gida kuma akwai tatsuniya da kacici-kacici da wasannin dandali.

A ɓangaren boko kuwa, an daɗe ana barin ajin nazare a hannun makarantu masu zaman kansu. Gwamnati ta fara shigowa sosai ne bayan da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a watan Satumban 1999. Dokar shirin ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya.

Kundin manufofin ilimi na ƙasa bugun 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fagen firamare a cikin tsarin karatu. Wannan ne ajin da iyaye suka fi sani da "rabin aji". Kundin ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 25 a irin wannan aji, mai renon jarirai kuwa kada ta wuce 10.

Buɗe aji abu ne mai sauƙi, samun wanda zai riƙe shi ne aiki. Shi ya sa hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi, ta sake fasalin karatun NCE a 2012. A da ɗalibi kan haɗa darussa biyu, kamar Hausa da Turanci ko Lissafi da Fiziks, sai a tura shi duk ajin da aka ga dama. Sabon tsarin ya karkata ga matakin da mutum zai koyar: ƙananan yara, firamare, ƙaramar sakandare, ilimin manya, da ilimin masu buƙata ta musamman.

Me ya sa shekarun farko?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma binciken kimiyya ya zo ya tarar da su a nan. Masana a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko na rayuwa ƙwaƙwalwar yaro kan ƙulla sababbin mahaɗan jijiyoyi sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Kafin ya shiga aji ɗaya, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum.

Akwai bincike biyu da ɗalibin wannan fanni zai yi ta cin karo da su.

Na farko an yi shi ne a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka daga 1962. An ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa wani kaso a ajin share fage mai inganci, aka bar sauran. Da aka bi diddiginsu har suka kai shekara 40, sai aka ga waɗanda suka yi ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2000, ya lissafa ribar shirin da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara.

Abin lura shi ne malaman wancan aji duk masu digiri ne, kowacce na riƙe da yara ƙalilan, kuma suna ziyartar gidajen yaran duk mako.

Na biyun ya fi kusa da yanayin Najeriya. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a tsakanin 1986 da 1987, an fara tura ma'aikatan lafiya gidajen yaran da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Sau ɗaya a mako suke zuwa, su nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya zarce na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Darasin da ke cikin binciken biyu guda ne: babban jarin ajin yara shi ne mutumin da ya san abin da yake yi.

Abin da ake karantawa a shekara uku

Karatun NCE shekara uku ne, kowace shekara zango biyu. Ɗalibin ECCE yana ɗaukar darussa iri uku a lokaci guda.

Akwai na gama-gari da kowa ke yi: Turanci, lissafi, kwamfuta, sanin haƙƙin ɗan ƙasa da dabarun sana'a. Akwai na aikin malanta: tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar ɗan Adam, tsara darasi da auna fahimta. Sai kuma na sashen kansa, waɗanda su ne ƙashin bayan kwas ɗin.

Na farkonsu shi ne sanin matakan girman yaro, daga ciki zuwa haihuwa har shekarun farkon firamare: yaushe ake sa ran ya zauna, ya yi rarrafe, ya haɗa kalma biyu, ya riƙe fensir, ya iya jiran layi.

A nan ɗalibi zai haɗu da Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa kowa zai iya yi a tsakar gida. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, sannan a juye na ɗaya a cikin wani siririn kofi dogo a gaban yaro ɗan shekara huɗu. Idan aka tambaye shi wanne ya fi yawa, yawanci dogon zai nuna, duk da a kan idonsa aka juye.

Yaron ba daƙiƙi ba ne, tunaninsa ne bai kai wannan mataki ba tukuna. Malamar da ta san haka ba za ta ɗauki bulala don ɗan shekara huɗu ya kasa lissafin ɗebewa a kan allo ba. Za ta ɗauko 'ya'yan dabino ko marafan kwalba ta zube masa, ya ƙirga da hannunsa.

Ɗalibi zai kuma san Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya raɗa wa makarantarsa suna Kindergarten a 1840, ma'ana lambun yara, da Maria Montessori, likitar da ta buɗe gidan yara na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Sunanta ne ake gani a allunan makarantu masu tsada a yau, alhali da 'ya'yan leburori ta fara.

Wasa shi ne darasin

Iyaye da yawa kan auna makaranta da yawan aikin gida. Idan ɗan shekara uku ya dawo da littafi cike da 1 zuwa 100, sai a ce makarantar na da kyau. Kwas ɗin ECCE akasin haka yake koyarwa.

Yatsun yaro ƙarami ba su gama ƙwari ba. Kafin ya iya rubutu yana buƙatar ya murza yumɓu, ya zura duwatsun ado a zare, ya yayyaga takarda, ya yi zane a kan yashi. Kafin ya iya karatu yana buƙatar kunnensa ya rarrabe sautuka, ya ji bambancin "bara" da "ɓara", ya san labari yana da farko da ƙarshe.

Duk wannan akwai shi a wasannin gargajiya. Carafke na horar da ido da hannu tare da ƙirga. Langa na koyar da daidaita jiki. Gaɗa na koyar da bin kari da jiran zagaye. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi na buɗe wa yaro baki, musamman idan malama ta tsaya a tsakiya ta tambayi yara me suke jin zai faru.

Shi ya sa ake koya wa ɗalibai haɗa kayan koyarwa da abin da ke kusa: mota ta karan dawa, haruffa daga kwali, 'yar tsana daga ƙyallen tela, ganga daga gwangwanin madara. A makarantar da babu kasafin kayan wasa, wannan ƙwarewa ce ke raba ajin da yara ke aiki da wanda suke zaune suna maimaita abin da ba su gane ba.

Lafiya da amana

Wani ɓangaren kwas ɗin ya fi kama da aikin asibiti. Ana koyar da abinci mai gina jiki, tsafta, rigakafi da taimakon gaggawa. Malamar rabin aji ce sau da yawa ke fara lura cewa yaro ba ya juyowa idan an kira shi ta baya, ko yana manna fuska da allo kafin ya gani, ko ya kai shekara huɗu bai fara haɗa jimla ba.

A yankin da tamowa ta yi katutu, sanin amfani da ɗan zaren awon damtse ma na ceton rai. Idan damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 bai kai santimita 11.5 ba, awon zai faɗa a ja, kuma asibiti ya kamata a nufa da shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai batun amana. Mutanen Kano ba su manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da kisan wata ɗaliba 'yar shekara biyar ya girgiza ƙasa, har gwamnatin jihar ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Wa aka yarda ya ɗauki yaro bayan an tashi, yaya ake gane alamun cin zarafi, wa ake kai wa rahoto: waɗannan tambayoyi ne da mai riƙe da yara ya kamata ya san amsarsu kafin ya shiga aji.

Da wane harshe?

Nan ne ɗalibin yau ke shiga tsaka mai wuya. Shekaru da dama manufar ilimi ta ƙasa na cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. A Nuwamban 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta faɗaɗa wannan zuwa duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar tare da mayar da Turanci harshen koyarwa.

Ko me takarda ta ce, yaron da ya zo daga ƙauyen Jigawa ko Zamfara da Hausa ko Fulatanci yake tunani, da shi yake kuka, da shi zai ce yana jin fitsari. Shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an gina su ne a kan fara koya wa yaro karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare. Malamin da zai yi nasara shi ne wanda ya iya harsunan biyu da kyau, ya kuma san yadda zai ɗauki yaro daga wanda ya sani zuwa wanda bai sani ba.

Ranar shiga aji

A shekara ta biyu ɗalibai kan yi gwajin koyarwa a gaban 'yan ajinsu, minti kaɗan, sannan a yi musu gyara. A shekara ta uku sai koyarwar gwaji ta zango guda a makaranta ta gaske, wadda ɗalibai ke kira TP, inda malamai daga kwaleji ke zuwa duba su suna ba da maki.

A nan ne littafi ke karo da zahiri. An koya wa ɗaliba yara 25, sai ta tarar da ninkin haka ko fiye a kan tabarma ɗaya, wasu ma ƙannen 'yan firamare ne da aka haɗo su da yayyensu don uwa ta samu sararin aiki. Wani ajin babu banɗaki kusa, babu ruwa.

Dabarun da aka koya a nan suke amfani: raba yara rukuni-rukuni, sauya aiki kafin su gaji, jan hankali da tafi ko waƙa maimakon tsawa. Wadda ta iya riƙe irin wannan aji ba tare da bulala ba, ta ci jarrabawar da ta fi ta takarda wuya.

Yadda ake shiga

Ana shiga ta hanyar JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB mai aƙalla kiredit huɗu. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa kwalejojin ilimi shi ne 100, na jami'o'i kuma 150. Kowace kwaleji na iya ɗora nata sharaɗin, don haka a duba sanarwarta kafin a cike fom, a kuma tabbatar NCCE ta amince da kwas ɗin a can. Wasu kwalejoji na da shirin share fage na shekara ɗaya ga waɗanda sakamakonsu bai cika ba.

Arewa na da kwalejojin ilimi na tarayya a garuruwa irin su Katsina, Bichi, Yola, Gombe da Potiskum, da ta Gusau wadda ta mata ce zalla. Akwai kuma na jihohi a Gumel, Azare, Dutsin-Ma, Maru, Argungu da Gidan Waya.

Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba su damar bayar da digiri tare da NCE. Mai NCE na iya shiga jami'a kai-tsaye daga aji biyu, kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta NOUN na da digiri a ilimin ƙananan yara, wanda ya dace da matar aure ko mai aiki. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya haɗa da ɗaliban kwalejojin ilimi na gwamnati.

Bayan an kammala fa?

NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Bayan ta, sai rajista da hukumar TRCN, wadda ke shirya jarrabawar tantance malamai ta kuma ba da lasisi. Masu NCE suna rukunin D.

Aikin gwamnati ta hannun hukumar SUBEB ta jiha yake zuwa, kuma mai NCE kan fara daga mataki na 7. Matsalar ita ce ɗaukar aiki ba kullum ake yi ba, kuma ko an ɗauka, ba lallai a tura wanda ya karanta ECCE rabin aji ba. A makarantu da yawa malamin da ya kusa ritaya ko wanda ake ganin ba zai iya manyan azuzuwa ba shi ake ba ƙananan yara.

Makarantu masu zaman kansu su ne suka fi ɗaukar "anti", kamar yadda yara ke kiran malamansu mata. Sai dai albashi a ƙananan makarantun unguwa abin tausayi ne. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma makarantun unguwa da dama a nan suka faɗa.

A ranar malamai ta duniya ta 2020 an yi wa malamai alkawarin tsarin albashi na musamman, a 2021 kuma aka sanar da alawus na Naira 50,000 a kowane zango ga ɗaliban NCE. Ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kokawa cewa yawancin alkawuran ba su tabbata ba. Wanda ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki.

Duk da haka ƙofofi na ƙara buɗewa. Yawan matan da ke fita aiki a asibitoci da bankuna da ma'aikatu ya sa ana neman gidajen renon yara a birane. Islamiyyu na zamani na buɗe azuzuwan ƙanana. Ƙungiyoyin agaji na buƙatar masu kula da yara a sansanonin 'yan gudun hijira. Kwas ɗin ya haɗa da darasin kafawa da tafiyar da cibiyar yara, wanda ke ba mai ɗan jari damar buɗe tasa bayan samun izinin hukuma.

Giɓin da ke ƙauye

Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF ya sha nuna cewa yaran Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka fi ƙarancin zuwa ajin share fage, kuma giɓin ya fi faɗi a karkara. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da muradun ci gaba masu ɗorewa, waɗanda suka ce kafin 2030 kowane yaro ya samu wannan dama.

An taɓa gwada wata hanya. Daga 2008, a jihohin Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato, an riƙa ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE, da sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar na shekara biyu. Dalilin a fili yake: malamar birni ba ta son zaman ƙauye, iyaye kuma sun fi sakin jiki su miƙa ƙaramar yarinya ga 'yar garinsu.

Sakamakon barin tushe a hannun kowa ma an gan shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka tsayar ba. An yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya musa cewa akwai gyara a yadda ake horar da malamai da yadda ake ɗaukarsu.

Ga matashin da ke tunanin wannan kwas, tambayar farko ita ce ko yana da haƙurin amsa "me ya sa?" sau hamsin kafin azahar. Ga iyaye kuwa, idan za a kai yaro makaranta a sabon zango, bayan an duba fenti da motar ɗaukar ɗalibai, yana da kyau a leƙa ajin kansa: yara nawa ne a ciki, akwai abin da suke taɓawa da hannunsu, kuma wadda ke tsaye a gabansu me ta karanta?